Matakalar Bethnal Green da ginshiƙai 52 na Hyde Park: yadda Landan ta tuna da wasu mamatanta, ta jinkirta wasu

Wanda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Central a tashar Liverpool Street da ke Landan ya nufi gabas, tashar farko da zai tsaya ita ce Bethnal Green. Tafiyar 'yan mintuna ce. A waɗannan wurare biyu masu maƙwabtaka mutane sun rasa rayukansu a ƙarƙashin ƙasa, shekara 62 tsakani. Ranar 7 ga Yuli 2005 bam ya tashi a cikin wani jirgi jim kaɗan bayan ya bar Liverpool Street, ɗaya daga hare-hare huɗu da suka kashe mutum 52 a safiyar. Ranar 3 ga Maris 1943 kuwa, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mutum 173 suka mutu a kan matakalar shiga tashar Bethnal Green, 62 daga cikinsu yara ne.

Mamatan 2005 an gina musu dandalin tunawa a lambun shaƙatawa na Hyde Park da ke tsakiyar Landan cikin shekara 4, da kuɗin gwamnati, yarima mai jiran gado ya buɗe shi. Mamatan 1943 sai da suka yi shekara 50 kafin a kafa musu ɗan allo a bango, sai da suka yi shekara 74 kafin a kammala musu abin tunawa na sosai, shi ma da kuɗin da jama'a suka yi ta tarawa kaɗan-kaɗan. Gari ɗaya ne, tsarin jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya ne, dukkansu kuma fararen hula ne da suka fito daga gida ba su koma ba. Wannan nazari yana bin diddigin abin da ya raba su.

Daren 3 ga Maris 1943

Bethnal Green unguwar talakawa ce a gabashin Landan, yankin 'yan dako a tashar jiragen ruwa, da teloli, da kafintoci, da Yahudawa 'yan ci-rani masu yawa. Lokacin da yaƙi ya ɓarke an riga an haƙa tashar jirgin amma ba a shimfiɗa layin dogo ba. Da jiragen Jamus suka fara ruwan bama-bamai a kan Landan a watan Satumba 1940, dare 57 a jere, sai tashar ta koma mafaka. Ƙaramar hukumar unguwar ta sa gadaje masu hawa na mutum dubbai, har da ɗakin karatu da wurin sayar da abinci a can ƙasa. Iyalai suka saba: da yamma ta yi a ɗauki bargo da yara a gangara.

Ƙofa ɗaya ce tak. Daga titi mutum zai sauka matakala mai taki 19 zuwa wani ɗan fili, sannan ya juya ya ƙara sauka zuwa zauren sayar da tikiti. Babu ƙarfen riƙewa a tsakiyar matakalar. Saboda dokar kashe fitilu da dare, don kada matuƙan jiragen abokan gaba su gane gari, ƙwan lantarki ɗaya ne mai rauni yake haska wurin.

A farkon 1943 hare-haren sun yi sauƙi, amma a daren 1 ga Maris jiragen Birtaniya sun kai wa Barlin hari mai tsanani, kowa kuma yana jiran ramuwa. Da ƙarfe 8:17 na daren Laraba 3 ga wata jiniya ta kaɗa. An yi ruwa, matakalar ta jiƙe. Mutane suka fito daga gidaje da gidajen silima, motocin bas suka tsaya suka juye fasinjojinsu a bakin ƙofar. Ɗaruruwa suka sauka lafiya kamar yadda suka saba. Bayan minti goma sai sojojin da ke Victoria Park, kusa da unguwar, suka harba wasu sababbin rokoki na kakkaɓo jirage, masu wata irin ƙara da mutanen unguwar ba su taɓa ji ba. Babu wanda ya gaya musu za a harba su. A daidai wannan lokaci wata mata ɗauke da jariri ta faɗi kusa da ƙarshen matakalar, wani dattijo ya yi tuntuɓe da ita, na bayansa suka faɗo a kansa. Waɗanda ke sama ba sa ganin abin da ke faruwa a cikin duhu, suna ta shigowa. Cikin daƙiƙu kaɗan mutum kusan 300 suka cushe a wurin da bai fi ɗaki ɗaya ba, wani kan wani, ba mai iya motsi.

Sai da aka kusa tsakar dare kafin a gama zaro mutane. Mata 84, yara 62, maza 27. Yawancinsu numfashi ne ya ƙare musu. An kwashe gawawwaki a motocin ɗaukar kaya da amalanke, wasu aka jera su a cocin St John da ke tsallaken titi. Ko bam ɗaya bai faɗo a Bethnal Green ba a wannan dare. Ana ɗaukar abin a matsayin asarar rayukan fararen hula mafi yawa a lokaci guda a Birtaniya a duk tsawon yaƙin.

Yadda aka rufe bakin unguwa

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wannan lamari. An hana fitar da labarin na kusan sa'a 36, da aka sake shi kuma ba a ambaci sunan tashar ba. Waɗanda suka tsira, da ma'aikatan asibiti, da masu aikin ceto, an ce su yi shiru. Wata matashiyar likita da ke aiki a asibitin yara na kusa, wadda aka yi ta shigo mata da gawawwakin yara a daren, ta ba da labari bayan shekaru masu yawa cewa an gargaɗe su kada su faɗa wa kowa, kuma ko iyayenta ba ta gaya wa ba. Wasu mutanen gari an bar su da zaton bam ne ya faɗo a kan tashar. Inda gaskiya ta ɓuya kuwa jita-jita ce ke cika wurin: aka fara yaɗa cewa Yahudawa ne suka firgita suka haddasa turmutsitsin, zancen da bincike ya nuna ƙarya ne.

Ministan cikin gida na lokacin, Herbert Morrison, ya naɗa wani majistare mai suna Laurence Dunne ya yi bincike a asirce. Rahoton ya kammala cikin makonni, amma ba a wallafa shi ba sai a watan Janairu 1945. Hujjar gwamnati ita ce idan Jamusawa suka ji abin da ƙarar harbi kaɗai ta haddasa, za su ƙara kai hare-hare don tsorata jama'a, kuma labarin zai karya zuciyar mutanen Landan.

Hujjar tana da nauyi, ban raina ta ba. Ƙasar da ke cikin yaƙi tana da abubuwan da dole ta ɓoye. Sai dai akwai wani abu da shirun ya rufe wanda bai shafi Hitila ba ko kaɗan. Tun a 1941 ƙaramar hukumar Bethnal Green ta rubuta wa hukumar kare fararen hula ta yankin Landan, fiye da sau ɗaya, tana neman izinin gyara ƙofar, tana gargaɗin cewa idan taro ya yi yawa za a iya samun mummunan haɗari a kan matakalar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An ƙi amincewa da gyaran da suka nema. Bayan mutum 173 sun mutu, sai ga ƙarfen riƙewa, sai ga ƙarin haske, sai ga shinge a bakin ƙofa, duk cikin ɗan lokaci. Jami'an ƙaramar hukumar kuma dokar sirri ta ɗaure musu baki, ba su iya fitowa su ce mun faɗa tun da wuri ba, don haka fushin unguwa a kansu ya sauka.

Rahoton Dunne ya jingina babban dalilin a kan cewa wasu mutane sun kasa riƙe kansu da suka ji ƙarar rokokin. Ma'anar wannan ga uwar da ta rasa 'ya'ya ita ce, ku ne kuka kashe kanku. Alhali mai binciken musabbabin mutuwa da ya saurari shaidu tun farko ya ce bai ga alamar gudun firgici ba. Wata mata da mijinta ya mutu a wurin ta kai ƙaramar hukumar ƙara, kotu ta ba ta gaskiya a 1944, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, alƙalan suka ɗora laifin a kan yanayin matakalar. Wasu iyalan suka bi sahu, jimillar diyyar da aka biya ta kusa fam 60,000, aka gama biya a farkon shekarun 1950. A watan Disamba 1946 aka buɗe tashar ga jirage, fasinjoji suka riƙa hawa da sauka a kan taki 19 ɗin nan kullum, babu ko rubutu ɗaya da ke nuna abin da ya faru. Haka aka zauna har 1993.

Safiyar 7 ga Yuli 2005

Ranar Alhamis ce, kwana ɗaya bayan an ba Landan damar karɓar wasannin Olamfik na 2012, shugabannin manyan ƙasashe takwas kuma suna taro a Gleneagles da ke Sikotland. Wajen ƙarfe 8:50 na safe 'yan ƙunar baƙin wake uku suka tayar da bama-bamai a cikin jirage uku: tsakanin Liverpool Street da Aldgate mutum 7 suka mutu, a Edgware Road mutum 6, tsakanin King's Cross da Russell Square mutum 26. Bayan kusan sa'a ɗaya na huɗun ya tayar da nasa a cikin bas mai lamba 30 a Tavistock Square, ya kashe 13. Sama da mutum 700 suka jikkata. Cikin mamatan akwai 'yan asalin Najeriya, akwai 'yar Gana, akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai Yahudawa, mutanen da ke kan hanyar zuwa aiki.

Tunawa ta fara tun kafin a gama tantance gawawwaki. Jaridu suka buga hotunan mamatan da tarihin kowane ɗaya. Furanni suka taru a King's Cross. Bayan mako ɗaya ƙasar ta yi shiru na minti biyu, motocin bas suka tsaya cik a kan titi. A watan Nuwamba aka yi taron addu'a a babbar majami'ar St Paul, Sarauniya Elizabeth ta halarta. Ranar 7 ga Yuli 2009 Yarima Charles ya buɗe dandalin Hyde Park: ginshiƙan ƙarfe 52, kowane mai tsawon mita 3.5, an kasa su gida huɗu bisa wuraren hare-haren, an rubuta wa kowane ginshiƙi rana da wuri da lokaci, sunayen kuma suna kan wani allo a gefe. Iyalan mamatan sun zauna da masu zanen tun daga farko, an ji ra'ayinsu. Daga Oktoba 2010 zuwa Mayu 2011 wata babbar alƙaliya, Heather Hallett, ta jagoranci zaman binciken musabbabin mutuwar a bainar jama'a, inda aka ba iyalai dama su bayyana wa kotu ko wane ne mamacinsu, me yake so, me yake shirin yi da rayuwarsa.

Duk wannan ya dace, ko kaɗan bai yi yawa ba. Mutum 52 ɗin sun cancanci kowane ginshiƙi. Abin da ke damuna yana wani wuri daban. A makon da aka kai harin, tunawa da yaƙin duniya ce ta cika bakin kowa. Washegarin harin Sarauniya ta ziyarci asibitin Royal London da ke Whitechapel, tafiyar ƙafa daga Bethnal Green, ta ce tsararrakinta, musamman mutanen wannan ɓangare na Landan, sun san an taɓa shiga irin wannan hali. Ranar 9 ga Yuli ta buɗe abin tunawa da matan da suka yi hidima a yaƙin, ranar 10 ga wata aka yi babban bikin cika shekara 60 da ƙarewarsa. 'Yan siyasa da jaridu suka yi ta kiran juriyar mutanen gabashin Landan a zamanin bama-baman Jamus, suna cewa ga irin halin da za a fuskanci 'yan ta'adda da shi. An ari sunan mutanen nan don ƙarfafa zuciyar ƙasa, a lokacin da mamatansu 173 ba su da komai sai ɗan allon da mai sauri ba zai lura da shi ba.

Me ya raba su?

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce yawa. A yaƙin, bama-bamai sun kashe fararen hula kusan 60,000 a Birtaniya, wajen rabinsu a Landan. A tashar Balham kaɗai sama da mutum 60 suka mutu a Oktoba 1940, a tashar Bank fiye da 50 a Janairu 1941. Idan mutuwa ta zama ta kowane dare, kowane gida da nasa makoki, ba wanda ke da sararin tsayawa a kan na maƙwabci. Harin ta'addanci kuwa yana faɗowa ne a tsakiyar zaman lafiya, yana da rana ɗaya da sa'a ɗaya, ana iya ƙirga mamatansa a kira su da suna cikin minti biyar. Wannan gaskiya ne, kuma ya bayyana dalilin da ya sa fararen hular yaƙin gaba ɗaya ba su sami wani babban dandali ba. Sunayensu suna cikin wasu littattafai da ke ajiye a majami'ar Westminster Abbey, sannan a 1999 aka kafa musu wani ɗan dutse a harabar St Paul. Sojoji suna da babban ginshiƙinsu a Whitehall tun 1920. Dawakai da alfadarai da karnukan da suka yi aikin yaƙi an gina musu nasu a gefen Hyde Park a 2004, shekara 13 kafin a kammala na Bethnal Green, kuma duk sanda na tuna wannan sai raina ya sosu.

Amsa ta biyu ita ce zamani. Turawan Ingila na 1943 an tarbiyyantar da su a kan haɗiye baƙin ciki, na 2005 kuwa sun riga sun ga tarin furanni bayan haɗarin filin ƙwallon Hillsborough a 1989 da bayan rasuwar Gimbiya Diana a 1997. Ko hare-haren ta'addanci na da ba a yi musu abin da aka yi wa na 2005 ba. Mutum 21 da bama-baman ƙungiyar 'yan tawayen Ireland ta IRA suka kashe a mashaya biyu a Birmingham a 1974, sai a 2019 aka kammala musu zaman binciken musabbabin mutuwa, bayan iyalansu sun shekara da shekaru suna fafutuka. Kuma a lura, wannan lamari ne da aka ɗaure mutum shida a kansa bisa kuskure har zuwa 1991, wato shi ma akwai abin kunyar hukuma a cikinsa.

Nan ne nake ganin ainihin dalilin yake. Yawa da zamani sun bayyana wani abu, amma ba su bayyana umarnin yin shiru ba, ba su bayyana ɓoye wasiƙun 1941 ba, ba su bayyana ɗora wa mamata laifin mutuwarsu ba. Harin 7 ga Yuli ya zo da mai laifi daga wajen hukuma. Firaminista zai iya tsayawa a gaban ginshiƙan ya sunkuyar da kai, shi da mai makoki suna ɓangare ɗaya, yatsa yana nuna wani. A Bethnal Green kuwa rokokin na gida ne, ƙofar ta gida ce, wanda ya ƙi sa hannu a takardar gyara ma'aikacin gwamnati ne. Duk ministan da zai tsaya a kan wannan matakala ya yi jawabi, tambayar farko da za a yi masa ita ce me ya sa ba ku gyara ba. Laifi tudu ne, hukuma ma takan taka nata ta hango na wani.

Akwai abin da ya faru a cikin wannan wata na Yuli 2005 da ya ƙara min tabbaci. Ranar 22 ga wata, washegarin wani yunƙurin hari da bai yi nasara ba, 'yan sanda suka harbe wani ɗan Birazil mai aikin lantarki, Jean Charles de Menezes, ɗan shekara 27, a cikin jirgi a tashar Stockwell, bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Ba shi da alaƙa da komai. Labaran farko da suka bazu sun ce ya gudu daga 'yan sanda, ya tsallake shingen tikiti, yana sanye da riga mai kauri, daga baya aka tabbatar ba haka ba ne. Shi ma an fara da ɗora wa mamaci laifi. A 2007 kotu ta ci tarar rundunar 'yan sandan Landan fam 175,000 a ƙarƙashin dokar kiyaye lafiya a wurin aiki, ba a gurfanar da jami'i ko ɗaya ba. Hotonsa da ke bangon tashar Stockwell, danginsa da magoya bayansu ne suka yi ta nema har aka amince a kafa shi a 2010. Zamani ɗaya ne da na ginshiƙan Hyde Park, mutum ɗaya ne tak, ba za a ce yawa ya ɓoye shi ba.

Ko a cikin lamarin 7 ga Yuli kansa, hannun gwamnati ya fi sakewa a wajen gini fiye da wajen amsa tambaya. An gano cewa hukumar leƙen asiri ta MI5 ta taɓa cin karo da biyu daga cikin maharan a 2004 yayin da take bibiyar wasu mutane daban. Waɗanda suka tsira da iyalan mamata sun nemi a kafa cikakken kwamitin bincike mai zaman kansa, gwamnati ta ƙi. Abin da suka samu shi ne zaman alƙaliya Hallett, wadda a ƙarshe ba ta ɗora wa hukumar alhakin mutuwar ba, ko da yake ta ba da shawarwarin gyara.

Talauci ma yana da hannu. Mutanen Bethnal Green na 1943 ba su da lauyoyi a dangi, ba su da 'yan jarida a abokai, bayan yaƙi kuma da yawansu an rushe gidajensu an watsa su zuwa sababbin unguwanni a wajen gari. Mai ƙaramin ƙarfi da ke nesa da masu yanke shawara shi ne ake jinkirta wa tunawa, kuma mu ma wannan ya shafe mu. A cikin watan Maris na 1943 ɗin nan aka kafa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a Najeriya, wadda ita da ta 82 aka kai yaƙin Bama, cike da Hausawa da maƙwabtansu. Sai a 2002 aka gina ƙofofin tunawa a Constitution Hill, kusa da kusurwar Hyde Park, don sojojin Afirka da Indiya da Karebiyan. A 2021 kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amsa cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka rubuta na Turawa, ministan tsaron Birtaniya ya nemi gafara a majalisa.

Mai karatu Bahaushe zai iya cewa, mene ne amfanin dutse da ƙarfe ga wanda ya riga mu gidan gaskiya? Mu ba mu saba da ginshiƙai ba. Muna da zaman makoki, muna da addu'a, muna da sadaka, mamaci ya fi buƙatar waɗannan. Na yarda. Amma a duba abin da aka hana mutanen Bethnal Green. An hana su faɗin yadda 'ya'yansu suka mutu, an hana maƙwabta su zo musu gaisuwa da sanin gaskiyar abin da ya faru, an bar su da zargin kai. A ƙasar da al'adarta ita ce rubuta suna a dutse, hana dutsen daidai yake da a yi maka rasuwa a garinku sarki ya hana a zo maka ta'aziyya.

Yadda sunayen suka dawo

A 1993, cikar shekara 50, aka kafa allon farko a saman matakalar. A lokacin yaran da suka tsira sun zama dattawa, wasunsu kuma a lokacin ne suka fara buɗe baki ko ga 'ya'yansu. A 2007 waɗanda suka tsira da dangin mamata suka kafa gidauniya, bayan wani matashin mai zanen gine-gine, Harry Paticas, ya ga ɗan allon ya ji cewa bai isa ba, ya zana wani abu da ya fi shi. Shekara 10 suka yi suna neman kuɗi: riƙe bokiti a bakin tasha, tsere da tattaki na tara gudummawa, taimakon 'yan kasuwar unguwa, daga baya ƙaramar hukumar Tower Hamlets da ofishin magajin garin Landan suka sa hannu. An gina gindin da farko, aka tsaya jiran kuɗin sauran. Kowace shekara a farkon Maris ana taruwa a cocin St John a karanta sunaye 173 ɗaya bayan ɗaya, kowace shekara kuma waɗanda suka ga daren da idonsu suna raguwa.

Ranar 17 ga Disamba 2017 aka buɗe shi, a cikin lambun da ke dab da ƙofar tashar. Siffar matakalar ce aka yi da katako, aka kifa ta, aka ɗaga ta sama a kan wani dogon gindi na kankare, girmanta daidai da wurin da mutum 300 suka cushe. An sassaƙa sunayen iyalan a jikin katakon, cikakkun sunaye da shekarun kowa suna kan alluna a gindin, ƙaramarsu jaririya ce 'yar wata 5. A rufin an huda ƙofofi 173, idan rana ta take haske yakan zubo ta cikinsu.

Likitar nan da aka ce ta yi shiru a 1943 ta halarci buɗewar tana da shekara 102. Ta rasu bayan 'yan makonni, a watan Janairu 2018.